Sawun Da Ke Kusurwar Hoto

Shanun Alhaji Sabiru sun bar garkensu a daren da ake bikin ɗansa, kuma ba karya ƙofar aka yi ba. Kwance ta aka yi a natse, aka rataye igiyar a jikin dirka kamar yadda mai gida yake yi. Abin da ya tayar wa mutanen Gidan Dunya hankali ke nan. Ɓarayin daji kowa ya san da su, tun daga Rawayya har inda hanyar mota ta ƙare, amma ɓarawon daji ba ya tsayawa rataye igiya. Ɗan gari ne ya buɗe musu.

A shekarun nan babu kalmar da ta kai "infoma", wato mai kai wa ɓarayi rahoto, saurin kashe mutum a ƙasar Bunguɗu. Tun kafin hantsi ta fara yawo a bakin mutane, tana neman wanda za ta sauka a kansa.

Akwai wata mai ɗaukar hoto, Shafa'atu, da aka ɗauko daga Damba a Gusau saboda bikin. Gari na wayewa Alhaji ya roƙe ta ta ɗauki ƙofar garken don a nuna wa hukuma. Ta ɗauka, ta gyara a kwamfutarta, ta tura masa a waya, ta hau mota ta koma gida. Daga wayar Alhaji hoton ya shiga kowace waya a garin. Sai wani mai ido ya ja kusurwar ƙasa da yatsu biyu, ya ga sawun ƙafa ba takalmi a cikin laka, a lanƙwashe kamar ƙwayar wake, wajen yatsun ya shige duhu.

Mutum ɗaya ne a garin mai irin wannan ƙafar. Bashar mai facin babur, wanda aka haifa da ƙafar dama a karkace. Kafin azahar 'yan sa-kai sun ɗaure shi a ɗakin da suke ajiye kayansu. Da la'asar aka sheƙa ruwa, sawun gaskiyar ya bi laka ya tafi, hoton ya zauna daram a aljihun kowa.

Shugaban 'yan sa-kai, Ɗahiru, ya ce za su fita da shi bayan gari. Babu wanda ya tambayi ma'anar hakan, don babu wanda aka taɓa fita da shi ya dawo. Da ƙyar mai gari ya sa suka yarda su jira a sauko daga Juma'a. A cikin wannan ɗan tsakanin ne uwar Bashar, Inna Hajara, ta ɗaura gyalenta ta nufi Tsafe neman Malam Tukur mai bin sawu.

* * *

Malam Tukur dogon tsoho ne mai ƙarancin magana. Ana tsokanarsa da cewa ƙafar mutum yake fara gaisarwa kafin fuskarsa, kuma ba ƙarya aka yi masa ba. Ya sha bin sawun raƙumi a kan tsakuwa, amma da ya tsaya a ƙofar garken Alhaji Sabiru bai sami komai ba sai caɓi da sawun 'yan kallo.

Ɗahiru ya tsaya a bayansa, bindigar toka a kafaɗa. "Baba, mi za ka bi nan? Ruwa ya riga ka. Mu kuwa muna da shaida."

"In gani," in ji Malam Tukur.

Ya karɓi wayar ya nisanta ta daga idonsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗaga kai ya dubi ƙofar, ya sake duban wayar, ya matsa ya shafa dirkar da ke gefen dama tun daga sama har ƙasa. Ya dawo ya mayar da wayar.

Ya fara da Faruk, makiyayin Alhaji, wanda ya kamata ya kwana a garken. Faruk ya rantse ya maimaita cewa kiɗa ne ya ja shi, kuma rabin garin sun gan shi yana rawa har da faɗuwa. Malam Tukur ya sa ya tuɓe takalmi. Ƙafar Faruk faffaɗa ce kamar faranti, ba ta kama hanyar ta hoton ba.

Daga nan aka buɗe masa ɗakin da Bashar yake. Yana zaune a ƙasa, hannuwa a ɗaure ta baya, leɓensa a fashe.

"Kai ka buɗe garken?"

"Sun ce ni na."

"Ba abin da sunka ce nike tambaya ba."

Bashar ya sunkuyar da kai. Malam Tukur ya durƙusa ya kama ƙafar ya juya ta a hankali. Gefen waje ya yi kanta, diddigen kuwa sumul yake kamar na jariri, don bai taɓa taka ƙasa sosai ba. A hoton, diddigen ya zauna cif a cikin laka.

Wannan ya ishi Malam Tukur, amma bai ishi Ɗahiru ba. "Cikin laka komi na nutsewa, Baba," ya ce, ya ja ƙofar ya rufe. Abin da ya fi damun tsohon ma ba taurin kan Ɗahiru ba ne. Ya ga masu laifi da yawa, ya ga marasa laifi, kuma mara laifi ihu yake yi har muryarsa ta dushe. Wannan ko roƙo bai yi ba.

A gidan Inna Hajara ya tarar da babban ɗanta, Mas'udu, manomi mai 'ya'ya mata reras, yana zaune a kan turmi sanye da takalmin ruwa mai tsawo. Mas'udu ya gaishe shi da ladabi, ya ce shi daren nan yana gida, ciwon kai ya hana shi zuwa biki. Da aka ambaci ƙanensa sai ya ce, "Allah shi fid da shi," yana kallon bango.

* * *

Dirkar nan ce ta hana Malam Tukur sakat. A hoton ta yi ciki, ta lanƙwashe kamar baka. A ƙasa kuwa miƙaƙƙiya ce sambal. Ya ɗauka wani ne ya canza ta bayan an ɗauki hoton, don ya ɓoye wata alama. Ya sa aka tone gindinta, mutane suka taru suna jiran abin mamaki. Babu abin da aka samu sai gara da tsohuwar ƙasa. Alhaji Sabiru ya ce tun mahaifinsa na da rai aka kafa ta, ya ƙara da tambayar ko daga Tsafe aka ɗauko mutum don ya kayar masa da sauran abin da ɓarayi suka bari.

Aka yi dariya, Malam Tukur ya shanye. Ya tsaya yana kallon ramin, ransa a ɓace, sai ya ga inda ya kauce. Idan dirkar ba ta canza ba, to hoton ne ya lanƙwasa ta. Abin da ya lanƙwasa itace kuwa ba zai ji kunyar ƙafar mutum ba.

Ya tambayi inda mai hoton take, ya nemi babur zuwa bakin titi.

* * *

Shagon Shafa'atu a Damba ɗan ƙarami ne, da labule mai hoton lambu a bango. Ta riga ta ji abin da hotonta ya jawo, kuma duk wanda ya dubi idonta ya san ba ta yi barcin kirki ba.

"Baba, ni ƙofa aka ce in ɗauka. Wallahi ban ma ga sawun ba."

"Ban zo da laihi ba, ɗiyata. Tambaya ɗai gare ni. Na'urarki tana lanƙwasa abu?"

"Kowace kyamara tana yi," ta ce. Ta ɗauko tata ta nuna masa gilashin da ke gaba, wanda masu sana'ar ke kira lens. "Wannan mai faɗin gani ne, shi nake sawa in ɗauki taro duka. Irinsa yana kumbura tsakiyar hoto, layin da ke gefe ya yi ciki, kusurwoyi su yi duhu, balle da sassafe da haske bai isa ba. Amma ana gyarawa, kuma na gyara."

Ta buɗe kwamfuta ta yi masa bayani, shi kuma ya saurara kamar yadda yake sauraron mai shanu yana kwatanta saniyarsa. Kyamarar tana ajiye abin da suke kira ɗanyen hoto, wato duk abin da haske ya kawo, ba a taɓa shi ba. A jikinsa take rubuta sunan gilashin da aka yi aiki da shi. Su kuma masu manhajar gyaran hoto sun riga sun gwada kowane irin gilashi: sukan ɗauki allo mai miƙaƙƙun layuka, su auna yadda gilashin ya karkatar da su da yadda ya duhunta gefe, su ajiye ma'aunin da sunansa. In ka buɗe ɗanyen hoto, manhajar ta karanta sunan, ta ɗauko ma'aunin, ta mayar da kowane layi inda yake.

"Ka ga alamar nan? Tana nufin an gyara."

"To mi ya hana dirkag ga miƙewa?"

Ta buɗe baki za ta amsa, sai ta tsaya. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta karanta sunan da ke ƙarƙashin alamar, ta sake karantawa. Sannan ta kwance gilashin daga kyamarar, ta ciro wani siririn zobe da ke tsakaninsu ta riƙe a tafin hannu.

Gilashin na hannu ne ta saya, kuma ba na irin kyamararta ba ne, sai da wannan zoben, adafta, yake zama. A jikin zoben akwai 'yar na'ura mai gaya wa kyamara sunan gilashi, kuma masu arhar nan suna ɗaya aka cusa musu, ko me ka ɗaura. Sunan da yake bayarwa na wani gilashi ne na ɗaukar fuska, wanda kusan ba ya lanƙwasa komai. Manhajar ta yarda, ta yi ɗan gyaran da ya dace da wancan, ta sa alama. A hoton biki wa zai kula? Amarya tana tsakiya, gefe kuwa 'yan kallo ne.

"Kenan ta ba wani maganin wani," in ji Malam Tukur.

"Haka ne, Baba." Muryarta ta yi ƙasa. "Ni kuma na ga alama na yarda."

"Ni dirka nis sa anka tone gaban mutane. Gyara muna shi yanzu."

Ta shiga jerin sunayen ta nemo na gilashinta na gaskiya da hannu, ta danna. Hoton ya motsa kamar an ja shi ta kusurwa huɗu. Dirkar ta miƙe. Sawun da ke ƙasa ya warware, ya zama doguwar ƙafa madaidaiciya irin ta kowa. Duhun kusurwar ma ya yaye, domin a ɗanyen hoto duhu ba fanko ba ne, akwai abu a cikinsa yana jiran a ɗaga. Yatsun suka fito a cikin lakar.

Malam Tukur ya sa farcensa a jikin allon yana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya kai ƙarshe ya sake farowa. Huɗu ne. Inda ƙaramin yatsa ya kamata ya taɓa, lakar lafiyarta lau.

Shafa'atu ta yi hamdala, hawaye na zubo mata. Shi bai yi murna ba. Ya tuna mutumin da ke zaune a kan turmi da takalmin ruwa a tsakar gidan uwarsa.

"Ɗauko kayanki," ya ce. "Amma sai mun biya Bunguɗu wurin 'yan sanda tukun. Ba ni kwance wuyan wani in miƙa ma su Ɗahiru na wani."

* * *

Ana saukowa daga Juma'a garin ya taru a ƙofar gidan mai gari. Motar 'yan sanda tana tsaye a ƙarƙashin dunya, abin da bai yi wa Ɗahiru daɗi ba ko kaɗan. Aka fito da Bashar aka zaunar. Faruk yana gefe, Alhaji Sabiru a kan kujera, Mas'udu a bayan mutane. Inna Hajara ta tsaya a inda mata suke, ta ƙi zama.

Malam Tukur ya san mutanen da suka kwana biyu suna kallon abu a wayarsu ba za su saki shi don wani tsoho ya yi magana ba. Ya sa aka share wuri aka yayyafa ruwa, kamar yadda ake yi in za a gwada sawu. Sannan ya ce Ɗahiru ya tuɓe takalmi ya taka.

"Ni?"

"Kai na shugaba. Kowa ya san ƙahwarka lahiya take."

Ɗahiru ya taka yana huci. Shafa'atu ta durƙusa, ta saita sawun a kusurwar ƙasa kamar wancan, ta ɗauka, ta sa a kwamfuta ta juyo da ita. Ƙafar Ɗahiru ta fito a lanƙwashe kamar ƙwayar wake. Wani ya fara dariya ya haɗiye. Ɗahiru ya dubi allon, ya dubi ƙafarsa, ya dubi sawun da ke ƙasa a miƙe.

Ta faɗa musu a taƙaice abin da gilashin yake yi da yadda zoben ya ba da sunan da ba shi ba. Ta zaɓi ma'aunin gaskiya, ƙafar Ɗahiru ta miƙe a gaban idonsu. Sannan ta buɗe hoton garken ta yi masa haka.

Na gaba suka matso. Malam Tukur bai ce kowa ya ƙirga ba, su da kansu suka ƙirga. Shiru ya fara daga gaba ya bi layi har baya. A garin da ake cire takalmi a ƙofar masallaci ɗaya, babu wanda bai san ƙafar da garma ta cire wa ƙaramin yatsa ba. Ba wanda ya kira suna. Kawai mutane suka dare, suka bar Mas'udu tsaye shi kaɗai.

Ya zauna a ƙasa ya cire takalmin ruwan da kansa, ya ajiye su gefe.

"Gonata ta bakin daji sunka ishe ni," ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba. "Sunka kira sunan ɗiyana ɗaya-ɗaya, har da rijiyar da suke ɗibar ruwa. Sunka ce ko ƙofar Alhaji ko ƙofata. Na cire takalmi don kar a ji tahiyata." Ya shafa gurbin yatsan. "Da anka kama Bashar na so in yi magana. Kullum sai in ce gobe."

Yaran Ɗahiru suka motsa, 'yan sanda suka riga su. Ɗahiru da kansa ya ɗaga hannu ya tsayar da nasa, fuskarsa a murtuke, ko don kunya ko don motar da ke tsaye, Allah ne ya sani. Alhaji Sabiru yana ta tambayar inda aka kai shanunsa, babu wanda ya kula shi. Aka sa Mas'udu a bayan mota, ƙafa ba takalmi.

* * *

Malam Tukur ne ya kwance Bashar. Igiyar ta ci naman hannunsa, sai da ya bi ta a hankali. Mutanen da suka yi masa tofin tsiya suka fara matsowa da "sannu" da "ƙaddara ce", ya bi su da ido kawai.

"Ka sani," in ji Malam Tukur a hankali.

"Na gane shi sadda yab bi ta bayan shagona." Bashar ya murza wuyan hannunsa. "Baba, wa yac ce ka zo?"

Kafin ya amsa, Inna Hajara ta iso. Ta fara durƙusawa ta yi wa Malam Tukur godiya cikakkiya, irin wadda ake yi wa wanda ya yi aikin da aka kira shi ya yi, muryarta ba ta rawa. Tsohon ya ji da ma zaginsa ta yi. A duk shekarunsa na bin sawu bai taɓa jin godiya ta yi masa ciwo haka ba.

Bashar ya dube ta, idonsa ya kawo ruwa. "Inna, da kin bar ni. Shi ad da ɗiya. Ni wa gare ni?"

"Ni gare ka," ta ce. "Ban haihi ɗayanku don in biya da shi ba."

Motar ta tashi. Ta bi ta da kallo har ta sha kwanar makabarta, leɓunanta na motsi, babu mai jin abin da take faɗa. Shafa'atu tana tsaye da kyamara a rataye, ba ta ɗaga ta ba.

Inna Hajara ta sunkuya ta ɗauki takalman da Mas'udu ya bari, ta haɗa su a hannu ɗaya. Ɗaya hannun ta miƙa wa Bashar.

"Tashi mu tahi," ta ce. "Yaran na gida, ba su sani ba tukun."